Abin da Haske Ya Rasa

Bakwai saura na sauka daga danfo a Oshodi,
ruwan sama ya raka ni har gindin bene.
Na rataye lema, na zura farar riga,
na kunna na'ura, na ba ta rabin awa ta ɗumama,
don fitila ma, in an tashe ta da gaggawa,
shaidar zur take bayarwa.

Da ruwa zalla ake buɗe aiki.
In zuba shi a ɗan kurtun gilashi mai kusurwa huɗu,
in goge gefensa, kada zanen yatsana ya sa baki,
in ce wa na'ura: wannan shi ne babu.
Sai kashi biyar, goma, ashirin, arba'in,
barasar da na auna da hannuna,
ɗigo-ɗigo su fito a allo
har su miƙe kamar sahun Juma'a.

Ban taɓa kai ta baki ba.
Adebimpe kan yi dariya daga teburinta:
"Malam, shekara tara kana alƙalancin
abin da harshenka bai sani ba."
Nakan ce ba ni ke sha ba, haske ne.
Shi ke shiga ta wannan bango ya fita ta wancan,
hasken bayan ja, wanda ido bai isa ya gani ba.
Ni mai gadi ne a bakin ƙofa,
ina ƙirga abin da aka ƙwace masa a hanya.

Kwalba ta sha ɗaya, tsimi daga tashar Mushin,
an manna mata takarda: maganin basir, babu giya.
Tudu ya tashi a allo ya ƙaryata takardar.
Ashirin da takwas.

Ta sha biyu daga fadamun Badagry,
naɗe a tsohuwar jarida, da wasiƙar asibiti.
Masunci ne.
Daren Asabar ya sha,
safiyar Litinin ya tambayi wanda ya rufe taga.
Tudu biyu dab da juna, wa da ƙani,
ɗaya mai sa maye, ɗaya mai cinye ido.
Hanci ba ya raba su. Haske ya raba.
Na sake aunawa sau uku
ko lambar za ta ji kunya ta sauya.
Ba ta sauya ba.

Aka ɗauke wuta. Janareto ya yi tari, ya kama.
Na koma kan ruwa zalla.

Ta sha uku ba ta cikin rajista.
A jakata ta zo daga Agege,
zoɓon Asabe mai kwano a bakin layin dogo.
Wani direban tirela ya ce mata, a bainar jama'a,
zoɓonta na juya kai.
Jiya ta tare ni, idonta ya fi zoɓon ja:
"Ɗan'uwa, tambayar min injin nan naku."

Na tace, na turara, na tare tururin a kwalba,
don jan launi kan ruɗe haske.
Na goge gilashi fiye da kullum.
Ɗan tudu ne, kamar shurin da bai kai wata ba,
amma yana nan.
Ɗaya da rabi cikin ɗari.

Ba ta zuba komai ba, wannan na rantse.
Sukari ne da ɓawon abarba,
da kwana uku firij ba wuta,
da zafin Ikko mai dafa abu ba tare da murhu ba.

Yanzu ga ni a gosulon Ikeja,
kwandasta na ihun canji,
lambar na aljihuna a bayan rasit.
Ina juya maganar: dafa kaɗan, sayar a ranar,
kuɗin ƙanƙara ni zan fara biya.
Ko in soma da gaisuwa, in tambayi yara.

Fitilun motoci na ratsa ruwan da ke bin gilashi,
suna iso ni a dushe.
Na kama kaina ina lissafin
nawa suka bari a hanya.